Kalma da tarihinta: «Anne»

Akwai kalmomin da kan mutu tare da abin da suke nufi, kamar yadda sunayen waɗansu tufafi da ma'aunai na dauri suka ɓace daga bakin jama'a. Akwai kuma waɗanda abin da suke nufi yakan ƙare, su kuwa su ƙara kaifi. Kalmar «anne» tana cikin kashi na biyu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, masu bin addinin gargajiya kuwa ba su kai ko kashi 1 ba. Duk da haka, daga Sae Sabuwa zuwa Gidan Rumji, daga Agye zuwa Gazawa, da wuya kasuwa ta ci ta watse ba a jefi wani da wannan kalma ba. Uwa takan faɗa wa ɗan da ya makara sallar asuba, mai bashi yakan faɗa wa wanda ya hana shi kuɗinsa, wani lokaci kuma mai wa'azi yakan faɗa wa wanda suke kallon alƙibla guda. To, in anna sun ƙare, wa ake kira? Amsar tana cikin tarihin kalmar, kuma rabin tarihin a ƙasar Maraɗi ya faru.

Suna guda, baki uku

A Adar, da Kwanni, da Arewa ta Dogon Dutsi, «azne» ake cewa, jam'i «azna». A Gobir da Katsinar Maraɗi «anne» ne, jam'i «anna». A Kano da Zariya kuwa «arne» da «arna». Masana harshe suna ɗaukar «azne» a matsayin tsohuwar siga. Hausar gabas ta mai da z ɗin r, Hausar yamma kuma ta bari n ya haɗiye shi, daidai yadda Bakano ke cewa «ɓarna» Bagobiri ya ce «ɓanna».

Abin da ya fi furuci muhimmanci shi ne ma'anar farko. Masanin nan Bafaranshe Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Gulbin Maraɗi har ya fitar da babban littafinsa a 1975, ya tarar da mutanen da ke kiran kansu anna ba tare da jin kunya ba. A wurinsu annanci gado ne. Kowane dangi da abin da ya gada: waɗansu noma, waɗansu farauta, waɗansu ƙira, waɗansu su. Kowane gado kuma da iskokinsa, irin su Kure da Doguwa da Uwar Gona, da dabbar da ake yanka masu, da abin da aka hana ƴan gidan ci ko aikatawa. Anna ne ke buɗin daji kafin a shiga farauta. Daga cikinsu ake samun sarkin noma, wanda ba ya samun wannan suna sai ya tara damin hatsi dubu ya rabar a bainar jama'a. Har sarauta ake yi da kalmar: Sarkin Anna mutum ne mai daraja wanda fada ke neman shawararsa a kan ruwa da ƙasa.

Kuma anne bai musun akwai Allah ba. Yana rantsuwa da Allah, yana sa wa ƴaƴansa sunayen Musulmi, yana kai wa malami sadaka, ranar salla yana sa sabuwar riga ya shiga gari kallon hawa. Abin da ya ƙi shi ne salla da abin da ke biye da ita, domin ya san ranar da ya kama buta zai saki tukunyar giya da wurin yanka na kakanninsa, gadon gidan kuma ya rasa mai riƙe shi. Shi ya sa a ƙauyuka ake raba mutane biyu, anna da masallata, wanda ya ƙetara daga wannan gefe zuwa wancan kuma a ce «ya tuba».

Manomi da mai ƙi

Abin mamaki, ba Hausa kaɗai ta ɗaure manomi da mai ƙin addini da igiya guda ba. A Latin, harshen Rumawa, «pagus» yankin ƙauye ne, «paganus» kuwa baƙauye. Bayan addinin Kirista ya kafu a biranen daular Rum a ƙarni na 4, sai kalmar ta koma nufin wanda bai karɓi sabon addini ba, kuma bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne mutanen karkara ne suka fi daɗewa riƙe da tsohon tsafi. Daga nan Faransanci ya samo «païen», daga tushen guda kuma ya samo «pays» da «paysan». Duk ɗan lakkol da ya iya waɗannan kalmomi uku ya riƙe tarihin a bakinsa bai sani ba.

A Larabci ma haka. Tushen kalmar «kafiri» rufewa yake nufi: kafiri shi ne wanda ya rufe gaskiya ko ya rufe ni'imar da aka yi masa. Amma manomi ma yana rufe iri da ƙasa, saboda haka masu tafsiri da yawa suka fassara jam'in kalmar da «manoma» a aya ta 20 ta Suratul Hadid.

Dalilin wannan haɗuwa a fili yake. Addinin littafi yakan shigo ta kasuwa da fada, a bakin fatake da malamai, waɗanda za su iya ɗaukar ibadarsu cikin gafaka su kai ta ko'ina. Manomi kuwa ibadarsa tana manne da gonarsa, da tsamiyar bakin gari, da kushewar ubansa. Mutumin birni yakan riga shi canzawa, sa'an nan ya waiwayo ya sa masa suna.

Bamaguje: gudu ko mafaka?

A kudancin iyaka, a ƙasashen Kano da Katsina da Zariya, «anne» yana da ɗan'uwa, wato «Bamaguje», jam'i «Maguzawa». Labarin baka yana cewa wani mutum ne mai suna Bama ya karɓi Musulunci, da ya ga nauyin salla da zakka sai ya koma gidan jiya, aka ce Bama ya guje, zuriyarsa kuma suka zama Maguzawa. Labari ne mai daɗin ji, kuma ya nuna yadda jama'a ke kallon al'amarin: a ganinsu Bamaguje mutum ne da aka kira ya ƙi amsawa.

Masana tarihi, cikinsu har da Murray Last, sun bi wata hanya. Sun danganta kalmar da Larabci «majus», sunan mabiya tsohon addinin Farisa, wanda aka ambata a aya ta 17 ta Suratul Hajji. Nahawun Hausa bai musa ba: tushen «maguz» ne, z kuma yakan koma j a gaban e ko i, kamar a «kaza» da «kaji». Wannan asali yana da nauyi a shari'a. Hadisi ya tabbatar da cewa Halifa Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman ɗan Aufu ya shaida cewa Annabi (S.A.W.) ya karɓa daga Majusawan Hajar. Tun daga nan sunan ya zama rumfa ga mutanen da ba Yahudu ba ne, ba Nasara ba ne, amma ana son zama da su cikin amana: su biya jiziya, a tsare masu rai da dukiya. Larabawan Andalus sun faɗaɗa sunan har suka kira ƴan fashin teku na arewacin Turai da shi, waɗanda suka far wa birnin Ishbiliya a 844.

Ke nan malaman da suka fara kiran manoman Kano Maguzawa wuri suka ba su a cikin doka. Birni yana bukatar hatsinsu, su kuma suna bukatar kasuwar birni. Ba'amurke Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 da 1939, ya tarar da su a haka: ƙarni biyar da ƴan kai bayan zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), suna nan daura da maƙwabtansu Musulmi, ana cin kasuwa guda.

Ranar da Musulmi ne masu ƙi

Wanda ke zagin wani da ƙin addinin sarki ya kamata ya tuna akwai lokacin da reshe ya juye da mujiya. A ƙarshen ƙarni na 18, da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta yi yawa a Degel, Sarkin Gobir Nafata ya yi shela uku: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu shi kaɗai, wanda bai gaji Musulunci ba ya koma ga abin da ya tarar da ubansa a kai, maza su daina rawani, mata su daina lulluɓi. A wannan rana masu ƙin bin umarni su ne almajiran Shehu, kuma «gado», kalmar da anne ke kāre kansa da ita, ita ce sandar da aka ɗaga masu. Ƙin nasu ya kai su hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, ya kai ga yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, ya kai ga faɗuwar Alƙalawa da mutuwar Sarki Yunfa a 1808.

Shehu da kansa bai zuba mutane cikin kwando guda ba. A littafinsa Nurul Albab ya kasa mutanen ƙasar Hausa kashi uku: Musulmi na sosai, da masu gauraya Musulunci da ayyukan tsafi, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Rigimarsa mafi zafi da kashi na biyu take, musamman sarakuna. Ya kuma yi rubuce-rubuce da yawa yana tsawata wa ɗalibai masu kafirta talakawa don ba su iya hujjojin ilimin tauhidi ba, har ya saɓa wa malaminsa Jibrilu ɗan Umaru, wanda ke ganin manyan zunubai suna fitar da mutum daga addini.

Tambayar ba ta mutu ba bayan nasara. Shehu Muhammadu Aminu Elkanemi na Barno ya rubuto wa shugabannin jihadi yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana cewa saɓo daban, kafirci daban. Muhammadu Bello ya amsa, ya kuma adana wasiƙun a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, Ba'are, malamin da ya sha wuya a Gimbana saboda bin Shehu, ya ƙi miƙa wuya ga Bello. Aka yanke masa hukuncin ridda saboda haɗa kai da abokan gaba, aka yaƙe shi, ya rasu a farkon 1818. Cikin shekara goma sha biyar mutum guda ya ɗanɗani sunan mai ƙi sau biyu, daga bakin sarakuna biyu masu gaba da juna.

Maraɗi da Tsibiri

Nan ne tarihin kalmar ya shigo gida. A 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi. Sarki Magajin Halidu ya mutu a Ɗankama, sauran gidan sarauta suka naɗa Ɗan Kasawa suka nufi Damagaram. Kwarin Maraɗi ya shiga hannun wani wakilin sabuwar mulki mai suna Mani. Wajen 1819 mutanen kwarin, waɗanda akasarinsu anna ne, suka yi tawaye, suka kashe Mani, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya riƙe su. A 1836, a Gawakuke, Muhammadu Bello ya karya rundunar taron dangi, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsinar Maraɗi Rauda suka kwanta dama. Bayan wannan ne Gobirawa, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, da taimakon Sarki Ɗan Mari.

A idon Sakkwato waɗannan garuruwa biyu ƙasar kafirci ce, mutanensu kuma «Haɓe», kalmar Fulatanci mai nufin waɗanda ba Fulani ba. Amma sarakunan Maraɗi da Tsibiri Musulmi ne, da limamansu da alƙalansu. Abin da suka ƙi shi ne mulkin Sakkwato, abin da suka riƙe kuma shi ne tsohuwar yarjejeniya tsakanin fada da masu ƙasa. Sarki yana zuwa idi, Sarkin Anna yana yanka domin damina, Iya a Maraɗi da Inna a Gobir, matan gidan sarauta, suna shugabantar ƴan bori. A cikin manyan fadawan Maraɗi akwai Durbi, wanda sarautarsa ke tuna Durbawa, waɗanda suka riƙe Katsina kafin Muhammadu Korau. Bajamushe Heinrich Barth, da ya ratsa Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da Gazawa gari ne mai kafi, a shirye kullum domin hari, mafi yawan mutanensa kuma ba su salla.

Saboda haka a ƙarni na 19 kalmar ta ɗauki ma'anoni biyu masu karo da juna. A kudu da yamma, anne shi ne wanda ya halatta a kai wa hari a kama shi bawa. A kwarin Maraɗi, anne shi ne mai baka da kwari wanda ya dawo da sarauta gidanta. Duk Bakatsine ko Bagobirin da ke alfahari da cewa kakanninsa ba su taɓa rusuna wa Sakkwato ba, ya sani da kiban anna aka tsare wannan alfahari.

Zamanin Nasara

Faransawa sun zo da nasu sunayen: «fétichiste», «animiste», «païen». Farkon haɗuwarsu da azna da jini aka yi ta. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta far wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a Arewa. Marubuci Abdoulaye Mamani ya mai da labarin littafi a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar Fespaco a Wagadugu a 1987. Ta haka mace ba'azna ta zama alamar ƙin mulkin mallaka ga ƙasar da kusan dukanta Musulmi ce.

Amma abin da takobi ya kasa cikin shekara ɗari, zaman lafiya ya yi shi cikin hamsin. Da hare-hare suka ƙare, manoma suka fito daga garuruwa masu kafi na bakin gulbi suka bazu cikin jigawa suna sheme daji, sababbin ƙauyuka suka cika ƙasar da ke tsakanin Tsibiri da Agye da Mayahi. Wanda ya yi nisa da tsamiyar kakansa, igiyar gado takan yi masa sako-sako. Lampo ya tilasta neman kuɗi, gyaɗa ta haɗa ƙauye da kasuwa, ƴan ci-rani suka riƙa tafiya Kano suna dawowa da buta da carbi. Alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta tarihinsu a 1986, suka zama abin koyi ga duk saurayi mai son arziki da mutunci. Dajin da ake buɗewa ya koma gonaki, farin 1973 da na 1984 kuma suka sa mutane da yawa shakkar yankan da bai kawo ruwa ba. Ƴan mishan na SIM, da suka zauna Tsibiri tun 1927, sun samu mabiya kaɗan. Mafi yawan anna masallaci suka nufa.

Babu wanda ya tilasta masu. Ɗaya bayan ɗaya suka tuba, sau da yawa ɗa kafin uba. Abin da ya rage na tsohuwar hanya ya fake cikin bori, da magungunan gargajiya, da ƴan wurare irin su Masalata kusa da Birnin Kwanni, inda azna suka shahara da duban shekara.

Kalma ta rasa mai ita

Da masu sunan suka ƙare, sai sunan ya shiga yawo yana neman wanda zai sauka a kansa. Ya fara sauka kan Kirista, ko da kuwa fiƙihu ya ba su suna dabam, wato ma'abuta littafi. Sa'an nan ya shiga cikin masallaci. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, da goyon bayan koyarwar Shehu Abubakar Gumi. Ta iso Maraɗi ta hanyar ƴan kasuwa da kaset, ta samu sarari sosai bayan babban taron ƙasa na 1991. A shekarun zafin gardama tsakaninta da ƴan ɗariƙa, an ga ɗa ya ƙi bin ubansa salla, an ga an ƙi cin yankan maƙwabci, kalmomin «mushiriki» da «ɗan bidi'a» da «anne» suna kai da kawowa tsakanin gidaje masu katanga guda.

Magana zarar bunu ce, kuma bunu abincin wuta ne. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi: aka far wa mashaya, da gidajen mata masu zaman kansu, da majami'u, har da gidan Iya, wadda sarautarta ta girmi jamhuriya. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu. A watan Yuni na 2019 an ƙone wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani limami. A gabas kuwa, tun harin farko na Boko Haram a Difa da Boso a Fabrairu na 2015, mafi yawan waɗanda aka kashe da hujjar kafirci mutane ne masu salla biyar.

Ba kalma ce ta kunna ashana ba, kuma kowane ɗaya daga waɗannan al'amura yana da dalilansa na siyasa da talauci da fushin matasa. Sai dai hannu ba ya saurin ɗaukar dutse a kan wanda baki bai riga ya fitar daga cikin mutane ba. Wannan shi ne aikin da «anne» ke yi a yau: ba ta bayyana abin da mutum ya yi imani da shi, tana dai sanar da cewa ba a bin sa bashin kunya.

Sunan da abokin gaba ya raɗa

A ko'ina cikin duniya, sunan mai ƙi daga bakin wanda aka ƙi yake fitowa. «Hawarijawa» na nufin waɗanda suka fita, domin sun fice daga rundunar Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin a 657. «Rafilawa» daga kalmar Larabci mai nufin ƙi take, kuma ba masu sunan ne suka zaɓe ta ba. «Furotesta» ya samo asali daga ƙin amincewar da waɗansu sarakunan Jamus suka yi a taron Speyer a 1529. Da farko suna ne na tsiya, daga baya miliyoyin mutane suka ɗauke shi da alfahari. Faransa, da ta soke dokar Nantes a 1685 ta hana su ibada, ta yi asarar dubban masu sana'a da suka gudu zuwa Holan da Ingila da Jamus suka arzuta su.

«Anne» ta bi hanyar a juye. Ta fara da suna wanda masu shi ke amsawa da ƙarfin murya, ta ƙare a zagi wanda ba mai amsawa. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne ilimin da magabata ke da shi na rarrabe abubuwa. Malaman da suka ce «Maguzawa» sun san wanda bai shiga addini ba yana da haƙƙi. Shehu Usmanu ya san jahilci ba kafirci ba ne. Elkanemi ya san saɓo ba ridda ba ne. Sarakunan Maraɗi da Tsibiri sun san gari ba ya tsayuwa sai da liman da manomi. Dukansu sun yi yaƙi, ba waliyyan zaman lafiya ba ne, amma ba su ɗauki kafirta mutum abin wasa ba. Hadisi ingantacce ma ya yi gargaɗi cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kafirci, kalmar tana komawa kan ɗayansu.

Ba za a iya korar kalma daga harshe da doka ba, ba a kuma bukatar haka. Abin da ake bukata shi ne a mayar da ita mazauninta. A littafin tarihi na lakkol, a shirye-shiryen gidajen rediyo na karkara, a bakin masu wa'azi, «anna» ta koma sunan mutanen da suka sheme wannan ƙasa, suka haƙa rijiyoyinta na farko, suka san wace ciyawa ke maganin wace cuta. A gundumar Sae Sabuwa, kamar sauran ƙasar Gobir da Katsina, gidaje kaɗan ne za su ƙirga kakanni biyar ba su ci karo da wanda bai taɓa alwala ba. Liman da ladan da alhaji duk daga wannan tsatso suka fito, kuma Musuluncinsu bai ragu da ƙwayar gero ba saboda haka. Yaron da ya san wannan, in ya tashi zagin abokinsa da «ɗan anne», zai tuna sunan wa yake kira.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba kalmar «tawaye».